Tallafin Gwamnati Kan Tashar Cajin Motar Lantarki: Me Ke Akwai, Kuma Me Zai Yi Aiki A Ikara, Makarfi Da Kudan?



Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Hunkuyi da Zariya, ko mai Keke Napep da ke ɗaukar kaya ranar kasuwar Makarfi, ba sai an karanta masa jarida ba, aljihunsa ya riga ya faɗa masa.

Wannan ne ya sa maganar babur da mota masu amfani da lantarki ta yi ƙarfi. Tare da ita kuma sai ga bidiyoyi a TikTok da Facebook suna cewa gwamnati na biyan mutum kuɗi idan ya kafa tashar caji. Wasu ma har da fom da za ka cike.

Amsar a taƙaice ita ce: irin wannan tallafin gaskiya ne a ƙasashe kamar Amurka, Ingila da Indiya. A Najeriya kuwa, har zuwa lokacin wannan rubutu, babu wani tsari da mutum ɗaya zai kafa caja a shagonsa, ya kai rasit, gwamnati ta mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Abin da ke akwai ya bi ta wasu ƙofofi daban. A wannan darasi za mu duba ƙofofin, sannan mu yi lissafin irin tashar da za ta iya riƙe kanta a yankinmu.

Mu fara da wayarka

Kafin a fahimci dalilin da ya sa tashar caji ke buƙatar tallafi, sai an san yawan wutar da ake magana a kai. Ma'aunin shi ne yunit, wanda kake gani a mitar kati. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai jan wat 1,000 za ta sha cikin awa ɗaya.

Batirin wayar da aka rubuta wa 5,000mAh yana ɗaukar wutar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 na yunit ɗaya ba. Wato yunit ɗaya zai cika waya wajen 50. Batirin babur mai lantarki yawanci yana tsakanin yunit 2 zuwa 4. Idan muka ɗauki 3, cika shi sau ɗaya daidai yake da cajin waya 150. Motar Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a watan Nuwamba 2020, batirinta yunit 64 ne. Wannan cajin waya sama da 3,000 ke nan a mota ɗaya.

Mai shagon cajin waya a bakin tasha, da ƙaramin janareto da soket hamsin, ya riga ya san sana'ar. Bambancin kawai girman wutar ne, kuma girman nan shi ne duk matsalar.

Caja kala uku ce

Ta farko ita ce soket na gida. Soket mai ƙafa uku yana ba da kusan kilowat 3. Ya isa ya cika batirin babur cikin 'yan awoyi, amma Kona za ta kwana ta wuni a jikinsa.

Ta biyu ita ce cajar bango, wadda ake kafawa ta musamman. Tana ba da kilowat 7 a layi ɗaya, ko har 22 idan akwai layi uku. Da mai kilowat 7, mota za ta cika cikin dare ɗaya.

Ta uku ita ce mai sauri, wadda ake gani a bidiyon ƙasashen waje. Tana farawa daga kilowat 50 zuwa 150 har sama, tana cika yawancin batirin mota cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Sai dai ka tuna cewa taransifomar da ke ba unguwa guda wuta a garuruwanmu galibi mai lamba 300 ce ko 500. Caja ɗaya mai kilowat 150 za ta shanye rabin ƙarfin mai lamba 300 ita kaɗai. Shi ya sa kuɗin kafa irin wannan tasha ba a jikin cajar yake tsayawa ba: akwai sabuwar taransifoma, manyan wayoyi, fili, da kuɗin jawo layi.

A nan ake samun cikas. Ɗan kasuwa ba zai zuba miliyoyi ya kafa tasha ba alhali babu motocin da za su zo, direba kuma ba zai sayi motar ba alhali babu inda zai yi caji. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Tallafin gwamnati an ƙirƙiro shi ne don a raba wannan jiran.

Ba kowane tallafi ne kuɗi a hannu ba

Kalmar tallafi ta haɗe abubuwa huɗu da suka bambanta, kuma rashin rarrabe su ne ke sa a yaudari mutane.

Na ɗaya, gwamnati ta biya wani kaso na aikin kai tsaye, galibi ga kamfanin da ya ci kwangila ko ya cika sharuɗɗa.

Na biyu, mayar da kuɗi bayan an gama aiki. A ce kayan naira miliyan 1 ne, tsarin kuma na mayar da kashi 30 cikin 100. Kai za ka nemo miliyan ɗin cif, ka saya, ka kafa, a zo a duba, sannan a turo maka 300,000. Wanda ba shi da jarin farko, wannan tsarin bai taimake shi da komai ba.

Na uku, sassaucin haraji. A nan ba a ba ka ko sisi. Ana cire harajin da ya kamata ka biya ne, ko na kwastan a tashar jirgin ruwa, ko na VAT a wurin saye.

Na huɗu, sauƙin kuɗin wuta ko fili. Ana sayar wa tashar wuta a farashi mai rahusa, ko a ba ta filin gwamnati ba haya.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Amurka, dokar gine-ginen more rayuwa ta watan Nuwamba 2021 ta ware dala biliyan 7.5 don tashoshin caji. Biliyan 5 daga ciki an raba wa jihohi su kafa tashoshi a manyan hanyoyi, gwamnatin tarayya na biyan har kashi 80 cikin 100. An kuma sa sharaɗin cewa dole caja ta kasance tana aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci. Ban da wannan, akwai rangwamen haraji na kashi 30 cikin 100, har zuwa dala 1,000, ga magidancin da ya kafa caja a gidansa a karkara ko unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Amma da gwamnati ta canza, a watan Fabrairu 2025 aka dakatar da sakin kuɗin jihohin sai da aka je kotu, rangwamen harajin kuma da aka tsara zai kai 2032 aka dawo da ƙarshensa 30 ga Yuni 2026. Darasi a nan: tallafi yana bin siyasa, wanda ya gina sana'arsa a kansa kaɗai ya yi gini a kan yashi.

A Ingila, gwamnati ta yi shekaru tana biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin kafa caja, har zuwa fam 350, ga 'yan haya da mazauna gidajen bene. Kuɗin ba ya shiga hannun mai gidan. Ma'aikacin da gwamnati ta amince da shi ne ke kafawa, ya rage kuɗin a rasit, ya karɓa daga gwamnati.

Indiya ta fi kama da mu, domin babura da Keke Napep ɗin da muke hawa, irin su Bajaj da TVS, daga can suke. Shirinsu na 2024 mai suna PM E-DRIVE ya ware rupi biliyan 109, biliyan 20 daga ciki na tashoshin caji ne, kuma ya ba masu ƙafa biyu da ƙafa uku muhimmanci sosai.

A Afirka, Ruwanda ce abin dubawa. A 2021 ta cire harajin shigo da kaya da VAT a kan motocin lantarki, batura da kayan caji, ta sa tashoshin caji su riƙa biyan kuɗin wuta a farashin masana'antu, ta kuma ba su filin gwamnati ba haya. Daga watan Janairu 2025 ta daina yi wa sabbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali. Kenya kuma a 2023 ta fitar da farashin wuta na musamman ga masu caji: shilin 16 kowane yunit, da shilin 8 a lokacin da ba a cika jan wuta ba. Ka lura cewa waɗannan ƙasashen biyu ba su raba wa kowa kuɗi ba. Sun rage wa sana'ar nauyi ne kawai.

To a Najeriya me ke ƙasa?

Ƙofa ta farko ita ce tashoshin da gwamnati ta gina da kanta. Hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a watan Afrilu 2021. Daga baya ta yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Tashoshin gwaji ne da bincike. A Borno, gwamnatin Babagana Zulum ta sayo tasi masu lantarki da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Maiduguri a watan Disamba 2023, a garin da Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu fetur zuwa lantarki. A watan Maris 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da sama da naira biliyan 150 don sayen bas da Keke masu lantarki da kayan caji ga jihohin arewa maso gabas. Duk waɗannan kwangiloli ne, ba kuɗin da ake raba wa ɗaiɗaikun mutane ba.

A kula kuma: bas 100 da gwamnatin Uba Sani ta kawo Kaduna a 2025 masu amfani da iskar gas ce ta CNG. Ba caji ake yi musu ba, gas ake ɗura musu. Mutane da yawa na haɗa biyun.

Ƙofa ta biyu ita ce haraji. A watan Oktoba 2024 ministan kuɗi Wale Edun ya sanar da cire VAT a kan wasu kayayyaki, ciki har da motocin lantarki. VAT kashi 7.5 ne cikin 100, wato naira 75,000 a kowace miliyan. Wannan sauƙin a hannun mai shigo da kaya da dila yake fara sauka, kai kuma sai ya iso gare ka idan sun rage farashi. Saboda haka in za ka sayi babur mai lantarki, ka nemi rasit a rubuce, ka duba ko an ɗora maka VAT.

Akwai kuma ƙudirin dokar motocin lantarki da Sanata Orji Uzor Kalu ya gabatar, wanda ya tsallake karatu na biyu a majalisar dattawa a watan Nuwamba 2025. Karatu na biyu ba doka ba ne. Sai majalisun biyu sun amince, shugaban ƙasa ya sa hannu, an kuma sa kuɗin a kasafi, kafin wani ya ga amfaninsa.

Ƙofa ta uku ita ce wadda ta fi kusa da mu, duk da ba sunan caji take ɗauke da shi ba. Hukumar REA mai kai wuta karkara tana ba kamfanonin da ke gina ƙananan tashoshin sola tallafi. A ƙarƙashin shirinta na baya, kamfani na karɓar dala 350 a kan kowane gida ko shago da ya haɗa wa wuta, daga baya aka ɗaga zuwa dala 600, kuma ba a biya sai an tabbatar wutar ta isa. A watan Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don sabon shirin DARES, wanda ke son kai wuta ga mutum miliyan 17.5.

Me ya haɗa wannan da caji? Tashar sola ta ƙauye tana samar da wuta mafi yawa ne da tsakar rana, lokacin da mutane ke gona, sai da dare kowa ya kunna fitila da fanka. Wutar rana na tafiya a banza, kamfanin kuma yana neman mai saye. Batirin babur shi ne kwastoman da ya dace da wannan lokacin. An gwada haka a ƙauyen Gbamu-Gbamu na jihar Ogun, inda kamfanin MAX ya kai babura masu lantarki suna caji a tashar sola ta kamfanin Rubitec.

Me zai yi aiki a yankinmu?

Idan aka cire Tashar Yari da ke kan babban titin Zariya zuwa Kano, inda wata rana matafiya za su buƙaci caja mai sauri, babu wurin da irin wannan babbar tasha za ta samu kasuwa yanzu a ƙananan hukumomin nan uku. Abin da ke ɗaukar mutane da kaya daga Gubuchi, Gazara da Mayere zuwa Makarfi, ko daga Paki, Auchan da Kurmin Kogi zuwa Ikara, ko daga Likoro zuwa Hunkuyi, babur ne da Keke. Su ke kwaso tumatir da barkono, su ke kai mazarƙwaila kasuwa, su ke shiga gonakin inabi na Kudan. Tafiyarsu gajera ce, kuma kullum suna dawowa tasha ɗaya. Wannan shi ne yanayin da babur mai lantarki ya fi so.

Ɗan acaɓa ba zai zauna awa uku yana jiran caji ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Spiro da Ampersand suka ɗauki tsarin musanyar batir: ka zo da wanda ya ƙare, a ba ka cikakke cikin minti biyu, ka biya, ka wuce. Kamar musanyar tukunyar gas.

Sai tambayar wuta. Farashin rukunin Band A, masu samun awa 20 a rana, ya tashi zuwa naira 225 a watan Afrilu 2024, daga baya ya tsaya wajen 209. Ko a wannan farashi mafi tsada, cika batir mai yunit 3 bai wuce naira 700 ba. Matsalar ita ce samun wutar. Duk wanda ke yankinmu ya san awa nawa yake ganin ta, kuma ba mu manta watan Oktoba 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin arewa ta yi sama da mako guda a duhu. Tashar da ta dogara da wannan layin kaɗai, a irin wannan makon duk kwastomominta a ƙasa za su taka.

Janareto ma ba mafita ba ne. Ƙaramin janareto bai cika ba da fiye da yunit 2 a lita ɗaya ba. Kafin ka cika batir mai yunit 3 ka ƙona kusan man da babur ɗin zai sha da an zuba masa kai tsaye. Abin da ya rage shi ne sola, da wutar layi a matsayin ƙari.

Mu yi lissafi

Alƙaluman da ke tafe misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ka canza su da farashin da ka samu a kasuwa.

A ce ka kafa farantan sola na kilowat 10, wato faranti 18 masu wat 550. A yankinmu ana samun kamar awa 5 na rana mai ƙarfi. Idan aka cire asarar zafi, ƙura da inbata, za ka samu wajen yunit 42 a rana, wato cajin batir 14.

A ce batir ɗaya na kai babur kilomita 70. Mai fetur da ke yin kilomita 40 da lita ɗaya zai sha lita ɗaya da kashi uku cikin huɗu a wannan tafiyar. Idan lita naira 900 ce, ya kashe 1,575. Kai kuma ka caje shi 1,000, ya samu rarar 575. Daga 1,000 ɗin a cire 300 na yaron shago da gyara, saura 700.

A ce duka kayan sun ci naira miliyan 10. Idan kana cajin batir 14 kullum, kwana 300 a shekara, za ka tara miliyan 2.94, jarinka ya dawo cikin shekara uku da rabi. Idan gwamnati ta biya kashi 30 cikin 100, zai dawo cikin shekara biyu da wata biyar.

Yanzu a ce babura huɗu kacal ke zuwa. Kuɗin shekara ya koma 840,000, jari sai ya yi shekara 12 kafin ya dawo. Ko da tallafin kashi 30 ɗin, sai ya haura shekara 8, kuma kafin lokacin inbata da batura sun nemi canji.

Ka ga inda maganar take. Tallafi ya rage shekara ɗaya a lissafin farko, amma rashin kwastoma ya ƙara shekara takwas. Don haka tambayar farko ba "nawa gwamnati za ta ba ni?" ba ce. Tambayar ita ce "babura nawa ne za su zo kullum, kuma wa ya yi alkawarin kawo su?" Mai hankali zai fara zama da ƙungiyar 'yan acaɓa ta tasharsu da kamfanin da ke ba da babura biya sannu-sannu, kafin ya sayi faranti ko ɗaya. Ya kuma tabbatar wa ke da baturan, domin su ne kaya mafi tsada, kuma batirin wani kamfani ba ya shiga babur ɗin wani.

Abu biyu na yanayinmu su ma su shiga lissafi. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti idan ba a wanke shi, zafin Maris da Afrilu kuma na rage wa batir kwana. Ɗakin caji yana buƙatar inuwa, iska, da na'urar kashe gobara, kuma kada a taɓa haɗa shi da wurin sayar da fetur a galan.

Wane tallafi ya kamata mu nema?

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ba komai ne sai an jira Abuja ba. Idan ɗan majalisar Makarfi da Kudan, ko na Ikara da Kubau, ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo neman shawarar matasa, ga abin da ya fi a roƙa.

Fili a cikin tashar mota da kasuwa ba tare da haya ba na wasu shekaru, irin na Ruwanda. Wannan bai buƙatar kasafin biliyoyi, sa hannun ƙaramar hukuma ne.

Bashi mai sauƙi ga masu sayen baburan, domin su ne kasuwar tashar.

Tallafin da ake biya bisa aiki, irin na REA. Mun sha ganin fitilun sola da famfunan da aka ƙaddamar da biki, bayan shekara suka mutu, saboda an riga an biya ɗan kwangila tun ranar yanke kyalle. Idan aka ce za a biya mai tasha wani abu a kan kowane yunit da ya sayar, ko kowane wata da tashar ta yi tana aiki, shi da kansa zai riƙa wanke farantinsa.

Hattara da masu fom

Duk lokacin da aka ambaci tallafi a labarai, 'yan damfara na buɗe shafi. A matsayina na mai rubuta manhaja ina tabbatar maka cewa shafi mai tambarin gwamnati da hoton shugaban ƙasa, yamma ɗaya ta isa a haɗa shi. Ga yadda za ka gane:

Adireshin hukumomin gwamnati yana ƙarewa ne da .gov.ng, kamar rea.gov.ng da naddc.gov.ng. Ka rubuta shi da hannunka, kada ka bi wanda aka turo maka a WhatsApp.

Duk shafin da ya ce sai ka tura wa guruf biyar kafin fom ya buɗe, ƙarya ne.

Duk wanda ya nemi kuɗin rajista a asusun mutum, ko lambar katinka ta sirri, ko lambar da banki ya turo maka a saƙo, ɓarawo ne.

Duk dilan da ya ce ka sayi caja yau gwamnati za ta mayar maka da rabi, ka ce ya nuna maka takardar hukumar da ta faɗi haka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Inda masu waya da kwamfuta za su shigo

Tallafin da ake biya bisa aiki ba ya yiwuwa sai da bayanai: yunit nawa aka sayar, awa nawa tashar ta yi a kunne, wane batir ke hannun wa, sau nawa aka caje shi. Duk wannan aikin manhaja ne. Akwai ƙa'idar sadarwa mai suna OCPP, wadda aka fara a ƙasar Holan, da cajoji ke amfani da ita wajen magana da kwamfutar kamfani. A buɗe take, kowa na iya sauke bayaninta kyauta ya karanta. Wanda ya iya Python ko JavaScript zai iya gwada ta a kwamfutarsa ba tare da ya mallaki caja ba.

Manhajar da za ta yi aiki a Gimi ko Saulawa dole ta jure ɗaukewar sabis, ta karɓi kuɗin hannu da na tiransifa, ta kuma yi magana da Hausa. Kamfanin da ke Legas ko Nairobi ba lallai ya san haka ba, kai ka sani. Haka kuma za a buƙaci masu haɗa sola, masu gyaran batir, da makanikan da suka san injin lantarki.

Idan kana da niyyar shiga wannan harka, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Je tashar acaɓa mafi kusa da kai da littafi ko wayarka, ka yi mako guda kana rubuta babura nawa ke aiki, kilomita nawa suke yi, nawa suke kashewa a mai kullum. Ka rubuta awa nawa ake samun wuta a layinku. Waɗannan lambobin su ne abin da kamfanin babura, kamfanin sola, ko wata hukuma za su fara tambayarka ranar da ka je musu da magana.

A darasi na gaba in sha Allahu za mu duba nau'o'in batirin lithium, da yadda za ka gane wanda aka sake wa fenti aka ce sabo ne. Mu kwana nan.